Kunkurun da Ya Ƙi Fashewa

In kana neman wanda ya gina rabin birnin El Paso da hannunsa, kada ka wahalar da kanka da tambaya. Je gidan yayana Eusebio, wanda kowa ke kira Chebo, zai gaya maka tun kafin ka sami wurin zama. Shekara talatin da huɗu ya yi yana yaɓa siminti a bangon mutane, kuma tun ranar da ya yi ritaya bakinsa ya karɓi aikin daga hannunsa. Ba a wuce wani gini da shi a mota sai ya buga gilashi da yatsa ya ce, "Wancan bangon nawa ne." Ni Socorro, ƙanwarsa da ke bi masa, shekara sittin ke nan ina shan wannan cika baki, don haka in na ba da labarinsa ba ƙage nake masa ba.

Abin ya samo asali ne daga bikin jikarsa Nayeli na cika shekara biyar. Kamar kowane bikin yaro a unguwarmu, an rataye finyata, wato 'yar tsanar takarda, a bishiya, cikinta cike da alewa, yara sun yi layi za su fasa ta da sanda. Ƙa'idar gidanmu tun zamanin mahaifiyarmu ita ce ƙanana ke farawa, mai biki ce ta ƙarshe, don bugun da zai fasa ya zama nata. To, ta waccan shekarar a kanti aka sayo, takardarta kamar ɓawon albasa. Yaro na uku, wani ɗan mitsitsi da bai gama koyon tafiya ba, ya ɗan taɓa ta, sai gindinta ya zazzage. Yara suka rufta kan alewa. Nayeli na tsaye a ƙarshen layi da sandarta, wadda ta naɗe da jan zare da hannunta, ko ɗagawa ba ta yi ba. A ƙarƙashin tebur muka same ta daga baya tana kuka ba sauti.

Chebo ya rarrafa ya same ta a can, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce, "Share hawayenki, 'yar gidana. Baɗi ni zan yi miki da hannuna. Ba ɗan da aka haifa da zai fasa ta kafin ki iso."

Wannan alkawari kam, in za a faɗi gaskiya, ya cika shi.

Saura sati uku bikin shekara shida aka tambayi Nayeli siffar da take so, ta ce kunkuru. Ina gidan ranar. Matarsa Ofelia ta ce ai abu ne mai sauƙi, a hura balan-balan, a dama fulawa, a liƙa tsofaffin jaridu, kamar yadda ta yi wa 'ya'yansu har suka girma.

Chebo ya ajiye kofinsa. "Fulawa? Fulawa abin ci ce, Ofelia. Irin wannan tunanin ne ya jawo mana kukan bara."

"Ta bara a kanti aka sayo."

"Duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Aikin ganin ido, ba tushe."

"Chebo, don a fasa ake yin ta."

"Don a fasa a kan lokaci. Nan injiniya ya bambanta da mai girki."

"Yaushe ka zama injiniya?"

"Injiniyoyi nawa na gyara wa kuskure? Tambayi Socorro."

Na ce a cire ni a ciki. Ya miƙe ya ja wandonsa sama, ya kafa doka: daga ranar ba macen da za ta taka garejinsa sai ya gama, abinci ma a ajiye masa a bakin ƙofa. Ofelia ta dube shi ta ce, "To." Shekara arba'in na san wannan "to" ɗin nata, kuma ban taɓa ganin ya ƙare wa wanda aka ce wa da daɗi ba.

Dokar ba ta kwana biyu ba ya karya ta a kaina, domin mai cika baki ba ya iya aiki ba ɗan kallo. Ya ja ni ciki ya nuna mini. Ya lanƙwasa rodi ya yi haƙarƙari. Ya naɗe shi da ragar waya irin ta kejin kaji, ninki biyu. A kai ya shimfiɗa buhunan siminti da ya jiƙa da gam, sannan ya fara yaɓe, irin wanda yake yi wa bangon waje.

Na ce, "Yaya, yara 'yan shekara huɗu ne fa za su buga."

"Yaran yanzu? Kin ga abin da suke ci? Wanda ya fasa ta bara ko haƙori bai gama fitarwa ba."

"Shafe nawa za ka yi?"

"Uku. Na huɗu don ado ne kawai."

Nayeli ta zo bakin ƙofa da 'yar rigar aikinta da buroshin fenti a hannu, ta ce ta zo taya Kaka. Ya ce siminti zai cinye mata hannu, ta je wurin kakarta, in lokacin fenti ya yi zai kira ta. Da lokacin fenti ya yi bai kira ta ba, wai yara ba su iya miƙe layi ba. Ita kuwa ta koma kicin, Ofelia ta hura mata balan-balan, suka zauna suna tsoma jarida a ƙullun fulawa, har gashin Nayeli ya yi fari. Kwana huɗu suna yi. Suka liƙa masa ƙafafu da kwalin ƙwai, ɗaya ta fi sauran tsawo, idanunsa kuma kowanne na kallon gabansa.

Chebo ya shigo shan ruwa ya gan shi a kan tebur. "Mene ne wannan? Dankalin da mota ta taka?"

Nayeli ta ce, "Kunkuru ne ƙarami."

"Ku rufe taga, kada iska ta fasa shi kafin ya bushe."

Ofelia ta ɗauke shi ta ɗora a kan firji.

Ranar da ya rufe bayan kunkurunsa ya yi shafen ƙarshe da sabon cokali, domin tsohon cokalinsa na yaɓe ya yi ɓatan dabo. Wannan cokali tun aikinsa na farko yake tare da shi, har sunansa ya ƙona a jikin ƙotar. Ya birkita gareji bai gani ba, sai ya tafi kai tsaye bakin shinge ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira. Maƙwabcin nan, Don Fulgencio (Don ɗin laƙabin girmamawa ne a wurinmu), tsohon mai raba wasiƙu ne, siriri, mai magana a hankali, wanda ba abin da yake ji da shi a duniya kamar akwatin wasiƙun da ke ƙofar gidansa, kullum yana goge shi.

"Fulgencio, ina cokalina?"

"Na ara shekara tara da suka wuce, na mayar maka washegari."

"Ai shi ya sa ka san inda nake ajiyewa."

"Me zan yi da shi, Chebo? Bangon da ka yi mini ne yake zubewa?"

"Bangona ba ya zubewa."

"To ka gani."

Chebo ya bi layi gida-gida yana cewa a kula da kaya, akwai mai dogon hannu a unguwa. Katin gayyatar Don Fulgencio kuwa ya yage shi da kansa.

Ranar biki ta faɗo Asabar a watan Yuli, rana kamar ta sauko ta zauna a kan tebur. Yara goma sha takwas da iyayensu suka cika farfajiyar gaban gida. Ana gasa nama, ga zoɓo da ƙanƙara a ƙaton tulun gilashi, ga kwamin roba da aka hura aka cika da ruwa a gindin bango don ƙanana su yi wasa. Can sai ga Chebo ya turo baro an lulluɓe da zanin gado, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Ya jira kowa ya yi shiru, sannan ya yaye.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, kunkurun ya yi kyau. Kore shar, kowane zane na bayansa a miƙe, har murmushi yake. Yara suka yi tafi. Nayeli ta shafa kansa, ta ɗago ta dubi kakanta kamar shi ya ƙera wata.

Babanta Gilberto, surukin Chebo, ya ƙwanƙwasa bayan da yatsa, ya yarfe hannu. "Baba, wannan finyata ce ko murfin kwalbati?"

"Ingancin aiki ne ba ka saba gani ba."

Na matsa kusa na ce, "Yaya, ka zuba alewar kuwa? Ban ga ƙofa a jikinsa ba."

Ya girgiza baron, wani abu ya yi ƙwal-ƙwal a ciki. "Kin ji ko? Ofelia ce. Na san ta, ba ta bin doka, ta lallaɓa ta zuba kafin in rufe. Shekara arba'in ita ke zubawa."

Na waiwaya na dubi Ofelia. Tumatir take yankawa, a natse, kamar ba a duniyar take ba.

Ratayewa ta zama aikin gayya. Igiyar shanya ta tsinke tun kunkurun bai bar baro ba, sai aka ɗauko ta jan mota. Aka jefa ta kan babban reshen bishiya, Gilberto ya hau rufin gida da ɗaya bakin, domin aikin uban mai biki ne ya riƙa ja yana saki, finyata tana rawa yara na kuskure. Maza huɗu suka ɗaga daga ƙasa suna nishi. Gilberto ya ga hannu ba zai riƙe ba, ya ɗaure igiyar a bel ɗin wandonsa, ya tokare ƙafa da bakin rufi.

Chebo ya ɗaga murya. "Kaɗa shi mana, ya yi rawa."

Gilberto ya ce daga sama, "Baba, in na motsa, ni zan yi rawar."

Aka jera yara daga ƙarami zuwa babba, Nayeli a ƙarshe da sandarta mai jan zare, wadda ta ɓoye shekara guda a ƙarƙashin gado. Mata suka ɗauki waƙar bugu, wadda in ta ƙare lokacin yaro ya ƙare. Na farko ya kai duka, aka ji ƙwan, kamar an bugi tukunyar ƙarfe. Sandar ta dawo da shi baya, ya zauna daɓas, ya dubi sandar, ya dubi uwarsa. A hannun na biyar sandar gayya ta karye. Aka kawo ƙotar tsintsiya, ta kai yaro na tara. Aka kawo ta mofa, abin goge daɓe. Wata yarinya ta buga sau ɗaya, ta yar da ita, ta tafi tana hura tafin hannunta, ta ce ita ta fasa cin alewa.

Chebo kuwa sai kumbura yake yi, yana zagaye wurin hannu a baya kamar mai duba aiki. "Bara a na uku ta fashe. Socorro, yanzu muna na nawa?"

"Na goma sha huɗu, Yaya. Ko fenti bai kankaru ba."

"Kun ji ko? Ko fenti."

Muryoyin mata suka fara dusashewa. Zuwa yaro na goma sha shida mu uku muka rage muna waƙar, ita ma kamar ta jana'iza. Na goma sha bakwai, wata ƙatuwar yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta zage ta buga har sau takwas, kunkurun bai daina murmushi ba.

Sai Nayeli ta tako gaba. A nan ne na ga lissafi ya shiga kan yayana a karo na farko cikin sati uku. Ya dubi siraran hannuwanta, ya dubi kunkuru, ya sake duban hannuwan. Murmushinsa ya bushe. Ya yi wuf ya tare gabanta.

"Tsaya tukuna, 'yar gidana. Bari manya su ɗan tausasa miki shi."

Ta koma baya. Ta tsaya daidai inda ta tsaya bara, da sandar nan a hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in karɓi ƙotar mofa in gwada ta a kan wanda ya dace.

Maza kuwa kamar jira suke. Wani baban yaro mai ƙirji kamar firji ya je mota ya ɗauko kulkin buga ƙwallo, ya tofa yawu a hannu, ya ce a matsa. Ya buga, kulkin ya tsage, ya zagaya bayan bishiya yana riƙe da kafaɗa don kada matarsa ta gani. Wani ya gwada da shebur. Wani ya kawo ƙarfen kwance taya. Kafin ka ce me, sun yi layi su ma, suna gardamar wa ke bin wa, suna ba juna shawara, yaran da aka yi bikin dominsu suna zaune a ƙasa da jakunkunan alewa ba komai a ciki. Naman da ke kan wuta ya ƙone ba wanda ya kula.

Matar mutumin nan mai ƙirjin firji ta ce, "Don Chebo, ko a kira 'yan kwana-kwana?"

Wata ta ce, "A'a, a bar su. Tun da na auri nawa ban ga ya yi zufa haka ba."

Daga kan rufi Gilberto ya ce ƙafarsa ta mutu, a yi masa rai. Daga tsallaken shinge kuma Don Fulgencio, wanda ba a gayyata ba, ya fito da kujerarsa da lemo a hannu ya zauna.

Chebo ya shiga gareji ya fito da ƙatuwar guduma. "Ku matsa, duk ba ku san lagonsa ba. Wanda ya gina shi ne ya san inda ya bar masa rauni."

Na ce, "Ka bar masa rauni?"

"Yi mini shiru, Socorro."

Na lura Ofelia ta ɗauke kek daga kan tebur ta shiga da shi ciki, ba gaggawa.

Chebo ya ja baya, ya ɗaga gudumar, ya sauke da duk ƙarfin shekara talatin da huɗu. Kunkurun ya yi lilo ya tafi can, ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya dawo neman wanda ya buge shi. Chebo ya kwanta rub da ciki a ƙasa, kunkurun ya wuce ta kansa. A dawowa ta biyu reshen ya ce ya gaji. Ya karye ya faɗo kan tebur, tulun zoɓo ya tashi sama ya sauka a jikin mata uku masu fararen kaya. Igiya ta fizgo Gilberto daga kan rufi, Allah ya taimake shi ya faɗa cikin kwamin ruwan yara. Bel ɗin dai bai saki igiya ba, wandon kuma bai saki bel ba.

Gidan Chebo a gindin dutse yake, hanyar motarsa gangare ce. Kunkurun ya faɗi a kan bayansa, ƙafafu huɗu a sama, ya fara sulalewa. Ya bi gangaren yana tartsatsin wuta, igiya na biye da shi, wandon Gilberto na biye da igiya, yara goma sha bakwai na biye da wando suna ihu. Ya hau titi, ya yi kwana, ya nufi akwatin wasiƙun Don Fulgencio kamar an aike shi. Ya tumɓuke shi har gindi, sannan ya tsaya.

Don Fulgencio ya kurɓi lemonsa. "Chebo, dabbarka ta shigo mini gida."

Maƙwabta suka firfito, har da waɗanda ba mu gaisawa. Chebo ya iso yana haki, ya durƙusa ya shafa bayan kunkurun ko'ina. Da ya ɗago, wallahi fuskarsa haske take yi.

"Ku zo ku duba. Daga kan bishiya, ya bi kankare, ya bugi ƙarfe. Ko tsagewa."

Ɗaya daga cikin matan da suka yi wanka da zoɓo ta ce, "Don Chebo, alewa yaranmu suka zo sha, ba duba gini ba."

Ni ban bi su ba da farko. Nayeli na nan a gindin bishiya ita kaɗai, ba ta motsa daga inda aka ce ta tsaya ba. Na je na dafa ta.

Ta ce, "Kaka Socorro, layina ya wuce?"

"Bai wuce ba."

"Bara ma haka kika ce."

Na riƙe hannunta muka gangara.

Muka tarar Chebo ya ɗauko injin yankan kankare, amma wayarsa ba ta kai daga gidansa ba. Wutar da ta fi kusa tana jikin bangon Don Fulgencio. Ya tsaya da filogi a hannu yana kallon ƙasa.

"Fulgencio, a ɗan sa mini wannan."

"A gidan mai dogon hannu? Ba ka tsoron in sace maka wayar?"

"Don yara."

"Don yara na yarda. Amma bari in matso da kujerata."

Minti ashirin yana yanka. Ƙura ta tashi ta rufe shi, ya koma fari fat tun daga gira har takalmi. Yara suka kewaye shi da jakunkuna a buɗe, kowa ya ɗana ƙafa. Gilberto ya iso da tawul a ƙugu ya kwance wandonsa daga igiya. Daga ƙarshe injin ya yi shiru. Chebo ya sa ƙarfe a tsagar, ya dubi jama'a, ya ce, "Ku shirya." Ya danna, kunkurun ya rabe biyu.

Abu ɗaya ne ya faɗo kan titi, ya yi ƙwal.

Don Fulgencio ya tashi a hankali, ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙurar da ke jikin ƙotar, ya sa tabarau kamar zai karanta adireshi. "Eu-se-bio," ya karanta da ƙarfi. Ya ɗaga cokalin yaɓen sama kowa ya gani. "Yara, ku zo ku raba. A bar wa mai biki ƙotar."

Dariyar da aka yi har karnukan layi na gaba sai da suka amsa. Chebo ya leƙa rabin kunkuru na dama, ya leƙa na hagu, ya zura hannu har cikin kai. Sannan ya juya ya nemo matarsa a cikin taro.

"Ofelia, ina alewar?"

"Tana kicin."

"Ba ki zuba ba?"

"Ka ce ba macen da za ta taka garejinka."

"Shekara arba'in ba ki taɓa bin maganata ba, sai wannan?"

"Na ga ya kamata in gwada ko sau ɗaya, in ga abin da zai faru."

Ta juya ta hau gangaren, muka bi ta gaba ɗaya, har da Don Fulgencio da kujerarsa. Ta shiga kicin ta fito rungume da ƙaramin kunkurun nan mai ƙafa ɗaya doguwa, ya yi nauyi da alewa har cikinsa ya ɗan lotsa. Reshe dai babu, Gilberto kuma ya rantse ba zai ƙara hawa rufi ba ko gobara ake. Ofelia ta ɗaure kunkurun a bakin sandar share silin, ta miƙa wa mijinta.

"Riƙe. Ɗaga sama. Bishiyar da ka karya ce za ka zama."

Ya karɓa ya ɗaga sama.

Yara suka fara tururuwar yin layi, Ofelia ta ɗaga hannu. "Kowa ya yi nasa a kan wancan, har da iyayenku. Mutum ɗaya ta rage."

Ta ɗaure wa Nayeli ido da ƙyalle, ta juya ta sau uku. Muryoyin da suka mutu ɗazu suka dawo, duk layin ya ɗauki waƙa, har Don Fulgencio. Nayeli ta ɗaga sandarta mai jan zare, wadda ta jira biki biyu, ta kai duka da iya ƙarfinta. Ta samu ƙaurin kakanta. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya cije leɓe, amma bai sauke sandar ba. Na ji wata a bayana tana cewa a ƙara masa. Bugu na biyu ya sha iska. Na uku ya samu ƙaramin kunkuru a tsakiyar ciki, ya fashe kamar ƙwai, alewa ta zubo a kan Chebo. Yara suka rufta, suka kwashe masa ƙafafu, ya zauna a tsakiyarsu.

Nayeli ta yaye ƙyallen. Ba ta ɗauki ko alewa ɗaya ba. Ta tsaya da sanda a sama tana kallon tsumman jaridar da ke lilo, tana dariya da giɓinta a waje. Ni kuwa na juya baya na ce ƙurar siminti ce ta shiga mini ido.

Daga ƙasa Chebo ya ɗago kai, fari fat, da minti maƙale a gashinsa. "Kun ga bugu? Wannan hannun gidanmu ne. Ai ni na..."

Ofelia ta ɓare alewa ta cusa masa a baki.

Nayeli ta zo ta durƙusa kusa da shi, ta shafa ƙaurin da ta buga. Ta ce, "Kaka, naka ya fi kyau. Baɗi ma ka yi wani."

Ya tura alewar gefen kumatu, idonsa ya kawo ruwa. "Da gaske, 'yar gidana?"

"Da gaske. Ka ba su Baba su yi ta wasa da shi a can, mu kuma mu fasa namu."

Litinin da safe aka ga yayana a ƙofar Don Fulgencio da tsohon cokalinsa, yana kafa akwatin wasiƙu, Don Fulgencio na zaune yana gaya masa ya karkace. Rabin kunkurun nan kuwa har yau yana wurin, an cika shi da ƙasa an shuka furanni. Rana ta buge shi, ƙanƙara ta sauka a kansa, wata mota ma ta taɓa hawansa da baya, ko tsagewa. Duk ranar da muka wuce a mota, Chebo sai ya buga gilashi da yatsa ya ce, "Wancan nawa ne."